Inji Ya Buga, Wa Zai Biya?

A 2015 kamfanin Hyundai ya kira motoci ƙirar Sonata kusan 470,000 a Amurka domin a duba injinsu. Ɓurɓushin ƙarfe da aka bari tun a masana'anta ne yake toshe hanyar baƙin mai. Sai inji ya soma ƙwanƙwasa, ya buga ana tsakiyar tafiya.

Abin takaici, akwai motocin da aka duba aka ce lafiya lau, daga baya suka buga. A 2020 hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka ta ci Hyundai da wani kamfanin motoci, Kia, tarar dala miliyan 210 saboda jan ƙafa wajen kiran motocin.

A ganinmu, aika wa masu motocin wasiƙar kira ba ya sauke nauyi. Wanda ya ƙera inji mai aibi shi zai sauya shi, ba tare da mai mota ya biya ko sisi ba.

Irin waɗannan motoci suna shigowa kasuwanninmu a matsayin tokumbo, amma wasiƙar ba ta biyo su. Don Allah, kafin ka biya dillali, a duba maka lambar shasi a shafin hukumar na intanet.