Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya: Darasin da Wasan Langa Ya Bar Mana



Da wuya shekara ta zagayo ba mu ji labarin wani dattijo da ya zame a banɗaki ba, ko wata gyatuma da ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan sai doguwar jinya. Mukan ce tsautsayi ne. Gaskiya ne, amma magabata sun ce rigakafi ya fi magani. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 684,000 ke rasa rayukansu duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi ritsawa da su.

Abubuwa uku ne ke tsayar da mutum daram a kan ƙafafunsa. Na farko, can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa duk inda kai ya karkata. Na biyu shi ne ido. Na uku kuwa jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi, masu jin yanayin ƙasar da aka taka. Ƙwaƙwalwa ce ke tattara waɗannan saƙonni, ta umarci tsoka ta gyara tsayuwa kafin ƙiftawar ido. Tsufa, yanar ido, ciwon sukari da yawan zama su ne ke raunana wannan aiki.

Mu da muka tashi a ƙauye mun sami horo ba tare da mun sani ba. Mun yi langa a dandali, hannu riƙe da ƙafa ɗaya, muna tsalle da ɗayar. Mun yi kokawa bayan kaka. 'Yan'uwanmu mata sun yi carafke da 'yar gala-gala, sun ɗauko tulu a ka daga rijiya ba tare da ruwa ya zuba ba.  Yau kuwa daga mota sai kujerar ofis, daga ofis sai gaban talabijin, 'ya'yanmu kuma waya ta ɗaure musu ƙafa.

Abin farin ciki shi ne, jiki yana karɓar horo ko bayan furfura. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020 ta nemi baligi ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wanda ya kai shekara 65 kuma ya riƙa atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana 3 ko fiye a mako. Ba a bukatar kuɗi. Mu dafa bango, mu ɗaga ƙafa ɗaya har mu ƙirga goma, sannan mu sauya. Mu yi tafiya a miƙe, diddige na taɓa yatsun ɗayar ƙafar. Mu tashi daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba. Mu yi ɗage, mu sauko a hankali. Jifa da cafe ƙwallo tare da jikoki kuma yana saba wa ido da hannu aiki tare.

Sai dai a bi sannu. Mai fama da jiri, hawan jini ko ciwon gwiwa ya fara ganin likita, domin wasu magunguna kansu suna kawo jiri. Waɗanda suka gina wa iyaye gida kuma su duba santsin tayil, su sa abin dafawa a banɗaki da fitila a zaure.

Roƙonmu ga wannan ƙungiya shi ne ta taimaka a maido da langa cikin wasannin makarantun firamarenmu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma manya mu fara gobe da safe, kowa a tsakar gidansa.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya mayar da kowa gida lafiya.