Injin Yankan Itace Mai Ɗaurin Hannu: Sauƙinsa da Haɗarinsa

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau na masu sana'ar yankan itace ne, da 'yan katako, da manoma masu sharar gona, har da magidancin da ya sayi ɗan ƙaramin inji don ya riƙa sassabe darbejiyar ƙofar gida idan iskar farkon damina ta karya reshe. Uwargida ma kada ki kashe rediyo, domin idan tsautsayi ya auku, ke za a fara ƙwala wa kira.

Duk wanda ya taɓa riƙe injin nan mai sarƙa ya san yadda aka saba. Sarƙa ta saki, sai ka kashe inji, ka ɗauko sifana, ka sassauta noti biyun da ke gefe, ka juya sukurun ɗauri, ka ɗan ɗaga kan ƙarfen da sarƙar ke zagayawa, sannan ka sake tamke notin. To yanzu kamfanoni irin su Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin suna fito da wasu injunan da ba ruwansu da sifana. A gefen injin akwai wani faifan roba mai ɗan hannu. Ka ɗaga hannun ka murɗa, ka juya wani ɗan gare da babban yatsa har sarƙa ta ɗauru, ka mayar ka kulle. Murfin tankin fetur da na man sarƙa ma da hannu ake buɗe su, haka murfin matatar iska.

Amfanin wannan a fili yake, kuma ya shafi lafiya kai tsaye. Sau nawa mai aiki yake ganin sarƙa tana reto a ƙasan ƙarfe, ya laluba aljihu ya tarar an manto sifana a gida, ko yaro ya tafi da ita, sai ya ce bari dai in ƙarasa wannan gungumen? Sarƙar nan tana gudun kimanin mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ta goce daga kan ƙarfenta, hannu da cinya take nema. Sabuwar sarƙa kuwa miƙewa take yi a farkon aiki, sai an yi ta ƙara mata ɗauri. Gyaran da ba ya cin lokaci, mutum ba ya ƙyuyar yin sa. Ga kuma matatar iska, wadda a lokacin hunturu ƙura ke toshe ta nan da nan: ka buɗe da hannu, ka kakkaɓe, ka rufe.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai dai malam, akwai magana. Ɗaurin da yatsa ya yi bai kai wanda sifana ta yi ba. Yawancin irin waɗannan injuna ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ƙarfen sarƙa a maimakon biyu, kuma murfin na roba ne. A reshen darbejiya ko mangwaro ba matsala. Amma je ka kafa shi a gindin ƙirya ko maɗaci, wuni guda inji yana jijjiga, za ka ga ɗaurin yana saki da kansa. Garin katako ya haɗu da man sarƙa ya zama danƙo, ya cushe haƙoran garen nan, sai ya cije. Mai gajen haƙuri ya sa filaya ya murɗa da ƙarfi, roba ta tsage. Noti idan ya lalace, ko a kasuwar ƙauye ka samu wani. Wannan faifan kuwa sai ka sha yawo, wataƙila ma a ƙarshe jabu za a miƙo maka. Ba banza ba manyan injunan ƙwararru har gobe yawancinsu noti biyu suke zuwa da shi.

Abin da ya fi damuna ma ba robar ba ce, halin ɗan Adam ne. Da can, neman sifana kan tilasta wa mutum ya kashe inji ya ajiye shi a ƙasa. Yanzu da yake yatsa ya isa, sai ka ga matashi ya bar inji yana ruri, ya kai hannu tsirara gefen sarƙa wai zai ɗan ƙara ɗauri. Don Allah kada a yi haka. A kashe inji. Idan mai batir ne a zare batirin, idan na lantarki ne a cire shi daga soket. A sa safar hannu, domin haƙoran sarƙa suna yanka ko ba ta motsi.

Ta yaya za ka san ɗauri ya yi daidai? Sarƙa ta kwanta lif a ƙasan ƙarfe ba ta reto, amma idan ka saki birkin sarƙar ka ja ta da hannu mai safa, ta zagaya ba gardama. Kuma a yi ɗaurin inji yana da sanyi. Ƙarfe yana buɗewa da zafi. Idan ka tamke sarƙa da zafinta, to ka sassauta ta bayan an tashi aiki, in ba haka ba tana hucewa za ta matse ta yi wa inji lahani.

Murfin fetur shi ma a kula da shi. Irin mai ɗan hannun nan yakan yi kamar ya rufu alhali bai zauna ba. Ka ɗaga inji, fetur ya tsiyaye maka a wando, ga salansa da zafi. A shekarar 2011 a Amurka, kamfanin Stihl ya janye injunan gyaran lambu sama da miliyan 2, irin su na yankan ciyawa, saboda sinadaran da ke cikin fetur suna lanƙwasa irin wannan murfin har mai ya riƙa zuba. Saboda haka in ka rufe, ka ja murfin sama ka ji ko ya kama. Ka goge abin da ya zube, ka matsa aƙalla mita 3 daga inda ka zuba mai kafin ka tayar. Taba sigari kuwa ba sai na faɗa ba.

Idan aka yi rashin sa'a sarƙa ta kama mutum, a samu tsumma mai tsabta a danne ciwon da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. Jini ya ɓullo, a ƙara wani tsumman a kai. Kada a zuba baƙin mai, ko man birki, ko toka, ko ƙasa. A garzaya asibiti, domin yankan sarƙa yaga nama yake yi, yana cusa datti a ciki, kuma a tambayi ma'aikatan lafiya batun allurar tetanus. Wannan ne ma ya sa ba a shiga daji da inji mutum ɗaya. Kunne kuma a toshe shi: ƙarar injin fetur tana haura ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 kunne yake fara cutuwa idan abin ya daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

To wanne za a saya? Mai aikin gida ko lambu, wanda ke tayar da inji jefi-jefi, mai ɗaurin hannu ya ishe shi, muddin zai riƙa buɗe murfin yana share garin katako bayan kowane aiki. Wanda kuwa da injin yake ci da iyali, yana kayar da manyan itatuwa, ya nemi mai noti biyu, ya ɗaura wa sifanarsa igiya a ƙugu.

Iyayen gida masu ba yara inji su fita aiki, roƙonmu gare ku: kafin yaro ya fita gobe da safe, ku sa shi ya ɗaure sarƙa a gabanku, ku ga ko zai fara kashe injin. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, Allah ya tsare mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)