Ƙwallon Ƙafa da Neman Gurbin Jami'a ga 'Yan Mata a Amurka



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi bayani a kan yadda 'yan matan sakandare a Amurka suke samun gurbin jami'a ta hanyar ƙwallon ƙafa, ganin na daɗe da zama a can, kuma ɗiyata ta bi wannan hanya. Da dama daga cikinmu muna da 'ya'ya ko jikoki a ƙasar, shi ya sa na karɓa.

Tushen al'amarin wata doka ce ta 1972 mai suna Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasanni. Wannan ya sa jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin mata. A yau jami'o'i fiye da 300 ne ke da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata a rukuni na ɗaya na hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i.

Masu horaswa na jami'a ba safai suke zuwa kallon wasan makarantar sakandare ba. Kulob-kulob suke bi, musamman masu buga gasar ECNL da aka kafa a 2009, da ta Girls Academy da aka fara a 2020. Waɗannan gasanni kan shirya manyan wasannin baje koli, inda masu horaswa ke jeruwa a bakin fili da takarda da alƙalami. Amma iyaye ne ke biyan kuɗin kulob, da na jirgi, da na masauki, kuma yakan kai dubban daloli a shekara. Wasu gidajen sukan kashe abin da ya fi tallafin da ɗiyarsu za ta samu daga baya. Don haka a yi lissafi tun da wuri.

Akwai kuma ƙa'idar lokaci. Tun daga 2019, mai horaswa na rukuni na ɗaya ba shi da ikon tuntuɓar yarinya sai ranar 15 ga Yuni bayan ta gama aji na 10, wato kwatankwacin SS1 a wajenmu. Ziyarar jami'a bisa gayyata kuwa sai 1 ga Agusta na wannan shekarar. An yi haka ne saboda a da ana sa yara 'yan shekara 13 ko 14 su yi alkawari. Kafin ranar, ita yarinyar tana iya aika wasiƙa da bidiyon wasanta, ta faɗi ranar da filin da za ta buga. Ita za ta rubuta da kanta, domin masu horaswa suna lura da yarinyar da mahaifinta ke yi mata magana a kowane abu.

Batun tallafin karatu shi ne inda aka fi yaudarar kai. Shekara da shekaru, kowace ƙungiyar rukuni na ɗaya tallafi 14 kacal aka yarda ta bayar, ga 'yan wasa kusan 30, sai a yi ta gutsuttsura shi. A 2025, bayan wani sulhu da kotu ta amince da shi, an cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga tsarin, amma aka taƙaita 'yan wasa zuwa 28. Ke nan kuɗi na iya ƙaruwa, gurbi kuwa ya ragu. Jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da tallafin wasa sam, haka ma irin su Harvard da Yale. Sai dai tallafin ƙoƙari a aji ko na ƙarancin hali. Sannan alkawarin baki bai ɗaure kowa ba. Mai horaswa na iya canza wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Sai an sa hannu a takardar tallafi magana ta tabbata, kuma a karanta a ga na shekara ɗaya ne ko na huɗu.

Malamanmu za su ji daɗin wannan: duk iya wasan yarinya, NCAA ba za ta bari ta buga a rukuni na ɗaya ba sai ta kammala darussa 16 da aka ƙayyade, da maki 2.3 cikin 4 aƙalla. Wadda ta yi sakandare a gida Najeriya ma sai hukumar ta tantance takardunta.

An tambaye ni batun sutura. Tun 2014 dokokin ƙwallo suka amince da rufe kai, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta.

'Yan Najeriya sun bi wannan hanya. Mercy Akide da Florence Omagbemi sun tafi kwalejin Milligan a jihar Tennessee bayan gasar duniya ta 1999. Toni Payne ta yi Duke, Michelle Alozie kuma ta karanta kimiyyar halittu a Yale, daga bisani ta haɗa wasa da aikin binciken cutar daji a Houston.

Shawarata ita ce, kafin yarinya ta amsa kowace gayyata, a tambaye ta: in gwiwarki ta samu rauni a shekarar farko, za ki so ki ci gaba da karatu a wannan jami'a? Ciwon gwiwa ya yi yawa a tsakanin mata masu wasa, kuma ƙalilan ne ƙwarai ke zama ƙwararru bayan digiri. In amsar a'a ce, a nemi wata, ko da ba ta yi suna a ƙwallo ba. Wasan shekara huɗu ne, takardar kuwa ita za ta ci da ita har tsufa. Hausawa sun ce ilimi gishirin zaman duniya, kuma abin da aka koya mana ke nan a wannan makaranta.