Araha Ba Ta Ado: Malamin Kwantiragi da Zancen Ingancin Ilimi



Duk lokacin da hukuma ta yi maganar makaranta, kalma ɗaya ce ke bakinta: inganci. Da an ambace ta kuma, sai ido ya koma kan mushe, wato malami, wai shi ne bai iya ba. Ina so mu duba yadda aka samo wannan mushen.

Bayan matsin tattalin arziki da karya darajar sefa a 1994, gwamnatocin yankinmu, da shawarar masu ba da rance irin Bankin Duniya, suka ce albashin cikakken malami ya yi wa baitulmali nauyi. Sanagal ta fara ɗaukar malamai 'yan sa-kai a 1995, Nijar ta bi sahu bayan 'yan shekaru. Shirin ilimi na shekara goma da aka soma a 2003 ya faɗaɗa hanyar, har malaman kwantiragi suka fi yawa a firamare. Ba za mu musanta alherin abin ba: ƙauyuka da dama sun ga aji karon farko. Sai dai an ɗauki matasa da horo kaɗan, kuɗi kaɗan, ga jinkirin biya.

A 2017, zamanin ministan ilimi Daouda Mamadou Marthé, aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawa, ƙungiyoyin malamai suna adawa. Kusan kashi ɗaya bisa uku ne suka sami rabin maki. Aka yi ta yayata sakamakon kamar laifin nasu ne su kaɗai. To wa ya ɗauke su? Wa ya miƙa musu alli bai horar da su ba? Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya taya malami da araha, shi ya kamata ya fara amsa tambayar inganci.

Kuma inganci ya wuce abin da ke cikin kan malami. Mu a Maraɗi ba mu manta Nuwamban 2021 ba, lokacin da wuta ta cinye azuzuwan zana, yara fiye da 20 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Malamin da ke koyarwa a irin wannan rumfa, da wane ma'auni za a auna shi?

Roƙona uku ne. A horar da kowa a makarantar horon malamai kafin ya shiga aji. A biya shi a kan lokaci. A buɗe wa ɗan kwantiragi tabbatacciyar hanyar zama cikakken ma'aikaci, don kada gwanayenmu su bar alli su koma kasuwa. Ku kuma iyaye, in kun je taron makaranta, ku tambayi direkta wata nawa malamin ɗanku yake bin bashi.

Allah Ya sa mu dace.