Kulki Miƙaƙƙe Ko Mai Shigewa: Jawabi Ga Masu Tsaron Masallaci

Dattawa, malamai da samari, mun gode da kuka amsa kira.

Tun ran 30 ga watan Yuli 2024, sa'ad da 'yan tarzoma suka jefi masallacin Southport da tubala, hankalin jama'armu na nan Ingila bai kwanta sarai ba. Samarinmu suka ɗauki nauyin tsayawa a ƙofar masallaci, Allah ya saka musu da alheri. To, waɗansunsu sun tambaye mu wai wane kulki ya kamata su saya, miƙaƙƙe ko mai shigewa. Abin da ya tara mu ke nan yau.

Miƙaƙƙen kulki kowa ya san shi, sanda ce guda, ba gaɓa. Irinsa na itace shi 'yan sandan London suka riƙa tun kafa su a 1829, har wajen 1990 da 'yan kai. Ba ya da abin lalacewa, kullum a shirye ya ke. Aibinsa shi ne wuyar ɗauka, balle ga mai shiga mota yana fita.

Shi kuwa mai shigewa bututun ƙarfe ne, galibi uku, wani cikin wani, kamar eriyar rediyo. Ana yinsa inci 16, ko 21, ko 26, amma in an rufe shi ba ya wuce inci 10. Da an girgiza hannu sai ya miƙe, in za a rufe kuma sai a buga bakinsa a daɓe. Sauƙin ɗauka ya sa 'yan sanda da yawa suka koma gare shi. Amma fa bakinsa siriri ne, duka na taruwa wuri guda, yana karya ƙashi. In bai kama da kyau ba kuma, ya kan rufe a tsakiyar faɗa.

Wannan zaɓi na ɗan sanda ne, wanda aka koya wa dukan cinya da hannu, aka gargaɗe shi game da kai da wuya, kuma in ya yi duka sai ya ba da dalili a rubuce. Mu kam dokar ƙasar nan ba ta ba mu ko ɗaya ba.

Ku saurara da kyau. Dokar 1953 ta hana fita da makami cikin jama'a ba tare da izini ko uzuri karɓaɓɓe ba, hukuncinta ya kan kai ɗaurin shekara 4. Cewa ka ɗauka ne don ko-ta-kwana ba uzuri ba ne a gaban alƙali. A 2004 aka haramta sayar da kulki, miƙaƙƙe da mai shigewa duka, da ba da aronsa, da shigo da shi, a Ingila da Wales. Daga watan Yuli 2021 kuwa ko a ɗaka ka ajiye shi ka yi laifi. Kada ganinsa a intanet ya ruɗe ku. Yaron da aka kama da shi, aikinsa da karatunsa, watakila har takardun zamansa, sun shiga hatsari.

To, da me za mu yi tsaro? Da ido, da fitila, da waya. Ku tsaya biyu-biyu cikin riguna masu ƙyalli. Ku san inda kowace ƙofa ta ke. In kun ga abin tsoro, ku shigar da mutane, ku kulle, ku buga 999. Doka ba ta hana mutum kare kansa gwargwadon bukata in an auka masa ba, fita da makami tun da fari shi ta hana.

Ku tuna daren 19 ga watan Yuni 2017, cikin azumi, da wani ya bi ta kan masallata da mota a Finsbury Park, aka yi rashin rai. Jama'a suka kama shi. Liman Mohammed Mahmoud ya tsaya hannu wofi ya hana a taɓa shi har 'yan sanda suka iso. A 2018 kotu ta yanke wa mutumin ɗaurin rai da rai, ba a ɗaure ko ɗaya daga masallatan ba.

Wanda ya riga ya sayi kulki, kada ya ɗauko shi nan. Ya zo ya ga dattawa bayan salla, a tuntuɓi 'yan sanda yadda za a miƙa shi.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, amin. Wassalamu alaikum.