Maganin Sida Garkuwa Ne Ga Iyali

Sarakunanmu, malamai, ma'aikatan lafiya, iyaye mata da matasan Agye, Gazawa da Gidan Runji, ina gaishe ku.

Abin da ke sa miji ya shafa wa matarsa sida, ko mata ta shafa wa mijinta, shi ne yawan ƙwayar cutar a jiki. Maganin sida, wato ARV, ba ya kashe ta ƙurmus, hayayyafa yake hana ta. Wanda ya riƙe shansa kullum, yawanci cikin wata shida ƙwayar takan ragu har awon jini ya kasa ganinta. Idan ta tsaya ƙasa da 200 a mililita ɗaya ta jini, ba ta ƙetarawa ta hanyar kwanciya.

Wannan ba kwantar da hankali ba ne kawai. A 2011 wani bincike a ƙasashe tara, ciki har da Kenya da Malawi, ya bi abokan zama biyu-biyu har 1,763, a kowane biyu ɗaya na ɗauke da cutar. Fara magani da wuri ya rage yaɗuwa da kashi 96 cikin ɗari. Wani binciken a Turai, a 2016, ya ƙirga saduwa kusan 58,000 ba kwaroron roba, mai cutar yana kan magani, kuma ba a samu ko ɗaya da ya shafa wa abokin zamansa ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda awo ya nuna yana da ita a ɗora shi kan magani, kada a jira ya kwanta.

To, mu a ina gizo ke saƙa? A cin rani. An gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi, magidanci ya hau mota daga Cadawa ko Tsibiri ya nufi Katsina ko Kano da maganin wata ɗaya a aljihu. Maganin ya ƙare, kunya ta hana shi neman wani, ga shi kuma yana jin ƙarfi. Cikin 'yan makonni ƙwayar ta farfaɗo. Da faɗuwar damina sai ya dawo gida, wataƙila ga mata biyu ko uku. A ganina wannan giɓin ya fi komai haɗari, sai ko wanda bai taɓa yin awo ba.

Kada kuma a ɗora wa maganin abin da bai ɗauka ba. Ba ya tare ciwon sanyi ko tunjere, kuma mai shayarwa sai ta bi shawarar likita.

Malamai, idan awon kafin aure ya nuna ɗaya na da sida, a tura su wurin likita kafin a yanke hukunci. Masu tafiya cin rani, maganin nan kyauta ne. Ku biya ta asibiti ku faɗi tsawon tafiyarku, ku nemi wanda zai kai ku har dawowa.