Dogon Hutu Da Karatun 'Ya'yanmu: Me Za Mu Tara Musu Daga Intanet?

Ya ku 'yan uwa malamai da iyayen yara, abin da ya tara mu a yau shi ne dogon hutun da ke tafe, da yadda za mu yi kada ya cinye abin da yaranmu suka wahala a kansa shekara guda.

Wannan hutu Turawa na kiransa hutun bazara, amma a wurinmu tsakiyar damina yake faɗowa, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Wani yaron gona zai tafi, wani kasuwa, wani kuwa zai wuni da wayar mahaifiyarsa a hannu. Ba mu ga laifin gona ba, ita ma makaranta ce. Na ukun nan shi ne abin damuwarmu, domin kuwa kowane malami a nan ya san yadda makonnin farko na sabon zango ke ƙarewa a maimaita abin da aka riga aka wuce.

Lalle ilmi ya yawaita a intanet, kuma mai yawa daga cikinsa kyauta ne. Tun shekarar 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta yi shelar za ta sanya darussanta a fili ga kowa. A 2008 aka kafa Khan Academy, wadda ke koyar da lissafi tun daga ƙidaya har zuwa matakin shiga jami'a, tare da atisaye mai gaya wa yaro nan take ko ya yi daidai. Akwai PhET na jami'ar Kolorado, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a fannin fiziks, ya assasa a 2002: yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan lantarki a fuskar na'ura, ya sauya ƙarfin wutar, ya ga abin da zai faru. Ga makarantun da ɗakin gwaje-gwajensu suna ne kawai a jikin ƙofa, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

To amma yawan nan shi ne fitinar. Bara mun ga wani ɗan uwa, da kyakkyawar niyya, ya tura wa iyaye adireshi kusan hamsin a WhatsApp. Da aka dawo hutu muka bincika, sai muka tarar kusan babu wanda ya buɗe fiye da biyu. Uban da bai san bambancin wannan da wancan ba, ina zai fara? Saboda haka aikinmu tacewa ne, kuma malamin fanni ne zai yi shi. Kada a sanya wani abu cikin jerin sai malami ya zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe, ya rubuta a gefensa: wannan na aji kaza ne, babi kaza, minti kaza.

Dalilin wannan sharaɗi a fili yake. Mafi yawan waɗannan darussa a kan manhajar Amurka aka tsara su, ajinsu bai yi daidai da namu ba, misalansu da dala da mil ne, Turancinsu kuma yana da sauri ga yaron da a aji kaɗai yake jin harshen. Idan aka sake shi ba jagora, zai sha wahala a kan abin da ba za a tambaye shi ba, ko ya karaya ya koma kallon wasa. Don haka ga manyan ɗalibai mu fara da na gida. Hukumar WAEC tana da shafin koyo inda ta sanya tsofaffin tambayoyi tare da bayanin manyan masu duba takardu game da inda ɗalibai suka fi yin kuskure, kuma abin mamaki ne yadda malamai da yawa ba su taɓa leƙa shi ba. Hukumar JAMB ma tana fitar da manhajar kowane fanni. Sa'an nan mu tuna tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawarta gaba ɗaya. Mun ga yaro mai hazaƙa wanda ranar jarrabawa ce ranar farko da ya zauna gaban kwamfuta, hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. Wannan zalunci ne daga gare mu, ba daga hukuma ba. Awa guda a mako a gaban na'urar makaranta cikin hutun nan za ta kawar da shi.

Ƙanana kuwa karatu suke bukata kafin komai. African Storybook, wanda aka fara a Afirka ta Kudu, yana da gajerun labarai masu hotuna cikin harsunan Afirka, har da Hausa, kuma an yarda a sauke su a buga a takarda. Mu buga. Littafi mai shafi goma a hannun yarinya 'yar aji biyu ya fi mata waya amfani, ba ya bukatar caji, ba ya kuma kai ta inda ba a aike ta ba.

Masu neman Larabci, littattafai uku na Dakta V. Abdurrahim, waɗanda aka fi sani da littattafan Madina, suna nan a intanet tare da darussan murya masu bin su babi babi. Maktaba Shamila kuwa taskar malamai ce. Ba ma ganin hikimar miƙa dubban mujalladai ga ɗan sakandare wanda bai gama Ajurrumiyya ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta kayar da mu a 2020 lokacin da annobar korona ta rufe makarantu: wanda ke da data da wuta ya ci gaba, talaka ya koma jiran darasin rediyo. Kada mu maimaita. Mutum ɗaya ya sauke komai sau ɗaya, a kwafa a katin memori, a raba. Akwai Kiwix, wanda ke ajiye Wikipedia a na'ura a karanta ba tare da intanet ba. Akwai Kolibri, wanda ake ɗorawa a kwamfuta ɗaya, wayoyin da ke kusa su haɗu da ita ba a kashe ko kwabo na data ba. Wannan hanya tana da wata fa'ida da iyaye za su fahimta ba sai mun yi dogon bayani ba: yaron da ke karatu daga kati ba ya cin karo da tallace-tallace da hotunan da ke biyo bayan bidiyo.

Ga iyaye, roƙonmu kaɗan ne. A tsayar da lokaci, ko da rabin awa bayan la'asar, a tsakar gida inda ido ke gani, da littafin rubutu a gefe. Ko ba ku iya Turanci ba, kuna iya cewa: nuna mini abin da ka rubuta yau.

Malaman lissafi, Turanci, kimiyya da Larabci, kowane ya kawo abubuwa biyar da ya tace, kada su wuce haka, kafin Juma'a ta sama, domin a samu kwafa katunan kafin ranar raba sakamako. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta a ajiye a gida ya sanar da kwamiti bayan an tashi.